Aikin Ƙara wa Haƙora Fari a Wurin Likita

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da malamansu, a kan wani aiki na likitocin haƙori wanda sunansa ya fara yawo a bakin talakawa, watau sa wa haƙora magani don su ƙara fari. Ba wai ana so Hakimi ya zama likita ba ne. Kasuwannin da a ke tallar jabun wannan magani suna cikin ƙasarsa, idan kuwa aka cuci wani, zauren Hakimi zai fara zuwa kafin ya san hanyar kotu. Akwai kuma wani dalili wanda ya fi waɗannan nauyi, za a zo kansa a gaba, shi ne launin haƙoran yara yakan ba da labarin ruwan da gari ke sha.

A da, jan haƙori shi ne ado a ƙasar Hausa da Barno. Mace takan ci goro, ta goga furen taba a haƙoranta har su rine, ba a cewa kwalliyarta ta cika sai da haka. Har yanzu akan sami tsofaffin da ba su bari ba. Amma ido ya juya. Samari da 'yan matan yanzu farin haƙori su ke nema, irin wanda su ke gani a bakin 'yan fim cikin talabijin da wayar hannu, ba su san cewa wasu hotunan gyara su aka yi da na'ura ba, wasu haƙoran kuma rufin tangaran ne aka manna musu. Abin da mutane ke so kuwa ba ya rasa mai sayarwa.

YADDA HAƘORI YA KE

Ba za a gane aikin ba sai an san ginin haƙori. Yaro yana da haƙora 20, babba kuwa 32, kowane ɗaya hawa uku ne. Hawa na waje shi ne ɓawo, wanda a ke gani idan mutum ya yi dariya. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ko ƙashi bai kai ba, amma kaurinsa bai wuce milimita 2 da rabi ba a kan turame inda ya fi kauri, wajen gindin haƙori kuwa ya sirance ƙwarai. Ƙarƙashin ɓawo akwai ƙashin haƙori, mai launin rawaya-rawaya, cike da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Can tsakiya akwai ɓargo, inda jijiyoyi da hanyoyin jini su ke, shi ne mai jin zafi da sanyi.

Ɓawon nan ba fari fat ba ne kamar alli. Haske yana ratsa shi, saboda haka yawancin launin da a ke gani na ƙashin da ke ƙarƙashi ne. Lafiyayyen haƙori yakan ɗan ja rawaya kamar hauren giwa, na wani ya fi na wani, kamar yadda fatar mutane ta bambanta. Fiƙa takan fi sauran duhu domin ƙashinta ya fi kauri. Haƙoran yarinta sun fi na girma fari, shi ya sa uwaye kan tsorata idan yaro ya yi famfara suka ga sabon haƙori ya fito da duhu kusa da fararen. Wannan ba ciwo ba ne.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, ɓawo ba ya tohuwa. Fata idan ta yanke takan warke, ƙashi idan ya karye yakan ɗoru, ɓawon haƙori kuwa idan ya tafi ya tafi ke nan. Tsufa yana cin sa sannu a hankali, ƙashin ciki kuma yana ƙara kauri da duhu, don haka haƙoran dattijo ba sa zama kamar na saurayi ko da bai taɓa sa goro a baka ba.

ABIN DA KE RINA HAƘORA

Rinin haƙori iri biyu ne, na waje da na ciki, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Na waje shi ne wanda ke zama bisa ɓawo, irin na goro, da taba ta sha da ta gari, da shayi, da gahawa. Haka kuma ruwan maganin ƙarin jini da a ke ba yara da mata masu ciki, da wani ruwan kurkure baki na asibiti idan aka daɗe ana amfani da shi. Rinin yakan kama dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori, dauɗar kuwa idan ta daɗe sai ta daskare kamar dutse, asuwaki ba ya fid da ita, buroshi ma haka. Wannan ba ya bukatar maganin ƙara fari ko kaɗan. Abin da ya ke bukata shi ne wanki, watau likita ko mataimakinsa ya kankare daskararriyar dauɗar da wani ɗan ƙarfe mai karkarwa yana fesa ruwa, sa'an nan ya goge haƙoran su yi santsi. Mutane da yawa da suka je asibiti da niyyar ƙara fari sukan koma gida da wankin kaɗai, sun gamsu, da sauran kuɗinsu a aljihu.

Akwai wata magana da ke yawo wai wankin haƙori yana sa haƙora girgiɗi. Ba haka ba ne. Dauɗar ce ta riga ta ci dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙorin, ta kuma tsaya tana tokare da shi, da aka ɗebe ta sai ɓarnarta ta bayyana.

Rinin ciki ya fi wuya. Akwai na tsufa da aka ambata. Akwai na tetarasaikilin, kafso ɗin nan mai ja da rawaya wanda mutane kan saya su sha ba da izinin likita ba. Idan mace mai ciki ta sha shi, ko aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba, yakan shiga haƙoran da ke ginuwa cikin dasashi, su fito toka-toka ko ruwan ƙasa, da zane a gicciye. Tun cikin shekarun 1950 likitoci suka lura da haka. Akwai kuma haƙori ɗaya tak da ya yi duhu cikin 'yan'uwansa. Galibi wannan bugu ya sha, ko wajen faɗuwa ko wajen dambe, ɓargonsa ya mutu, jini ya rina ƙashinsa daga ciki. Ko ba ya ciwo yana iya tara mugunya a gindinsa, saboda haka magani ya ke bukata kafin ado. Haka nan baƙin ɗigon da mutane ke cewa tsutsa ta ci, ruɓa ce, ciko ne maganinta. Sai kuma rinin da ruwan sha ke kawowa.

AIKIN LIKITA

Maganin da a ke aiki da shi sunansa haidurojin feroksaid. Shi ne ruwan nan da ke kumfa idan malamin asibiti ya zuba shi a kan gyambo, sai dai ƙarfin na gyambo bai wuce kashi 6 cikin 100 ba. Wani masani na ƙasar Faransa, Louis Thénard, shi ya gano shi a 1818, a 1884 kuma wani likitan haƙori na Amurka mai suna Harlan ya rubuta labarin yadda ya gwada shi a haƙora. Ba fenti ba ne, ba kuma kankara ba ce. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, sukan ratsa ɓawo su isa ƙashin ciki, su farfasa ƙwayoyin rini har launinsu ya kau. Likita ba ya feƙe haƙori a wannan aiki, ba ya rage masa girma.

Likitan kirki ba ya fara sa magani ran da mutum ya zo. Sai ya duba bakin tukuna, in da hali ya ɗauki hoton haƙoran. Idan akwai rami ya cike shi, domin maganin idan ya sami rami zai zarce ɓargo, mai shi kuwa ba zai yi barci ba. Idan dasashi na jini ya yi maganinsa, sa'an nan ya yi wanki. Bayan haka ya ɗauko wani allo mai haƙoran gwaji, wanda aka fi sani yana da launi 16 daga mai haske zuwa mai duhu, ya kara shi da haƙoran mutumin, ya rubuta inda su ke. Amfanin wannan rubutu shi ne kada a yi gardama daga baya, domin ido yana saurin mance launin jiya.

Daga nan hanya biyu ce. Ta farko a kan kujerar likita a ke yin ta. Akan buɗe leɓuna da wata roba, a lulluɓe dasashi da wani abu mai kauri wanda a ke daskarar da shi da shuɗiyar fitila, don kada maganin ya taɓa nama. Sa'an nan a shafa maganin, mai kauri kamar man shafawa, ƙarfinsa kashi 25 zuwa 40 cikin 100, a bar shi kamar minti 15 ko 20, a share, a sake, sau biyu ko uku ko huɗu. Aikin duka yakan ci sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi. Wasu sukan haska babbar fitila a kan haƙoran, su ƙara kuɗi saboda ita, amma binciken da aka yi ta yi ya nuna abin da fitilar ke ƙarawa kaɗan ne, maganin ne mai aikin. Kada kuma a ruɗu da farin da a ke gani sa'ad da aka sauko daga kujera. Haƙoran sun bushe ne don daɗewar baki a buɗe, busasshen haƙori kuwa ya fi jiƙaƙƙe fari. Launin gaskiya sai bayan kamar mako 2 ya ke tsayawa.

Hanya ta biyu a gida a ke yin ta, amma a ƙarƙashin kulawar likita. Yakan ɗauki siffar haƙoran mutum, a yi masa wani ɗan kwanso na roba mai laushi daidai bakinsa. Mutum ya ɗiga magani kaɗan a ciki, ya kifa a haƙoransa ya kwana da shi, har mako 2 zuwa 6. Maganin wannan hanya sunansa kabamaid feroksaid, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, wanda idan ya narke a baka bai fi kashi 3 da rabi na wancan ba. Asalin hanyar katari ne. A ƙarshen shekarun 1960 wani likita mai daidaita haƙora a jihar Arkansas ta Amurka, Klusmier, ya ba marasa lafiyarsa wannan magani su riƙa kwana da shi don kumburin dasashi, sai ya ga haƙoransu suna ƙara fari. Abin bai bazu ba sai a 1989, da likitoci biyu na Jami'ar North Carolina, Haywood da Heymann, suka buga bayaninsa. Wannan hanya ta fi jinkiri, amma ta fi sauƙin kuɗi, inda ta ke kai mutum kuma bai gaza na kujera ba. Ita ce kuma ta fi dacewa da rinin tetarasaikilin, ko da ya ke shi sai an yi watanni ana yi, wani lokaci har wata 6, kuma ba lalle ya fita duka ba.

Haƙorin da ɓargonsa ya mutu dabararsa dabam. Likita zai fid da mataccen ɓargon, ya tsabtace ramin ya toshe gindinsa, sa'an nan ya zuba maganin a cikin haƙorin ya rufe, mutum ya tafi harkokinsa, ya dawo bayan kamar mako ɗaya a sake, har launinsa ya yi daidai da na maƙwabtansa.

Aikin ba ya rasa wahala. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa sukan ji haƙoransu suna tsirawa idan iska ko ruwan sanyi ya taɓa su, kamar yadda ɗanyen mangwaro ko tsamiya ke kashe wa mutum haƙora. Yakan wuce cikin 'yan kwanaki, likita kuma yana da man da ke rage shi. Idan maganin ya zuba a dasashi wurin yakan yi fari ya yi raɗaɗi, ya warke daga baya. Farin kuma ba na har abada ba ne. Cikin shekara 1 zuwa 3 yakan fara komawa, ga wanda bai bar goro da taba ba kuwa tun kafin haka. Ciko, da haƙorin roba, da rufin tangaran, da haƙorin Makka, maganin ba ya taɓa launinsu, saboda haka mai ciko a haƙoran gaba sai ya shirya kuɗin sake shi, in ba haka ba ya zama dabbare-dabbare. Mace mai ciki da mai shayarwa akan ce su dakata.

Ƙasashe sun bambanta wajen doka. Tarayyar Turai ta zartar a 2011 cewa maganin ado da ƙarfinsa ya wuce kashi 0.1 cikin 100 likitan haƙori kaɗai za a sayar wa, kada ya wuce kashi 6, kada kuma a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Mai ƙarfin nan na kujera a Amurka da wasu ƙasashe a ke aiki da shi. A Ingila Babbar Kotu ta yanke a 2013 cewa ƙara wa haƙora fari aikin likitan haƙori ne, wanda ya yi shi ba rajista ya yi laifi. A Nijeriya, tun dokar 1963 ba wanda ya isa ya yi aikin likitan haƙori sai mai rajista. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, watau MDCN, ita ke riƙe da rajistar, tana kuma ba da lasin na shekara-shekara. Magunguna da kayan shafe-shafe kuwa hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba su lamba.

MASU TALLA

Kayan masu talla ba su wuce iri biyu ba, masu kankara da masu tsami. Masu kankara su ne garin gawayi, da toka, da gishiri, da kanwa, da duk garin da ke ƙaras-ƙaras tsakanin yatsu. Sukan ɗebe rinin goro, gaskiya ne, amma tare da ɓawo su ke ɗebe shi. Masu tsami sun fi muni. Ruwan da ke mai da haƙori fari cikin minti ɗaya jama'a na kallo, galibi tsami ne mai ƙarfi wanda ya ci fuskar ɓawo ya bar ta kamar alli. Lemon tsami ma haka ya ke yi, sai dai a hankali. Ran farko mai shi yana murna. Bayan 'yan makonni haƙoran sun yi kaushi, sun fi da saurin kama rini, ɓawo ya sirance rawayar ƙashi ta fito, sai ya koma ya sake saye, ya ƙara ɓarna a kan ɓarna. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Ga kuma ƙarfe ko auduga ɗaya da a ke sa wa mutum goma a baka, dasashinsu na jini, hanya ce buɗaɗɗiya ga ciwon hanta.

Asuwaki ba ya cikin waɗannan. Yana fid da dauɗa sarai idan aka tauna bakinsa ya yi laushi, ba a kuma dirje da ƙarfi ba. Amma rinin ciki ya fi ƙarfinsa.

Idan aka kawo ƙara irin wannan, abin da ya kamata shi ne a aika da wanda aka cuta asibiti nan da nan, a riƙe kwalbar ko ƙullin maganin kada ya salwanta, malami ya rubuta rana da kasuwa da sunan mai talla, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Sarkin Kasuwa yana da ikon tambayar duk mai taɓa bakin mutane ina lasinsa, ina kuma lambar maganinsa.

SHAIDAR RUWA

A 1901 wani saurayin likita, Frederick McKay, ya sauka a garin Colorado Springs na Amurka, ya tarar yawancin 'ya'yan garin haƙoransu da tabo ruwan ƙasa. Shekara 30 aka yi ana neman dalili, sai a 1931 aka gane wani sinadari ne mai suna fuloraid, wanda ke narkewa daga duwatsu ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan daga cikinsa alheri ne, yana ƙarfafa ɓawo ya hana ruɓa, shi ya sa a ke sa shi cikin man goge baki. Yawansa ne cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 cikin lita ɗaya ta ruwan sha.

Abin ba a Amurka kaɗai ya tsaya ba. An auna an same shi da yawa a ruwan wasu rijiyoyi na ƙasar Langtang a Jihar Filato, da ƙasar Kaltungo a Jihar Gombe. A Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha cikin shekarun 1980 ya rina haƙoran yara masu yawa, ya tanƙwara ƙasusuwan ɗaruruwa daga cikinsu, kafin a gane a sake musu ruwa. Fuloraid ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Ruwan yakan fito garau. Tafasawa kuwa ba ta fid da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi, domin ruwa ya tafi a tururi shi yana nan.

Alamarsa a haƙori takan fara da fararen ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa alli, idan ya yi yawa tabon ya zama ruwan ƙasa, idan ya ƙara yawa ɓawo ya yi ramuka. Yakan kama dama da hagu daidai wa daida. Likita yana iya rage tabon da maganin ƙara fari idan bai yi zurfi ba, ko ya shafe fuskar ɓawo kaɗan bisa awo, mai tsanani kuwa sai rufi. Amma duk wannan gyara ne bayan ɓarna, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin yawancin mutanen karkara. Yaro ɗaya likita zai gyara, rijiya kuwa tana nan tana rina ƙannensa.

A nan ne malamin Hakimi ya fi likita amfani, domin shi ke zagaya ƙauyuka. Fuloraid yana kama haƙori ne kawai sa'ad da ya ke ginuwa, watau daga haihuwa zuwa kamar shekara 8. Wanda ya zo gari da girmansa, haƙoransa ba za su rine ba ko ya shekara 40 yana shan ruwan. Saboda haka idan malami ya ga yara da yawa a ƙauye ɗaya da irin wannan tabo, ya dubi matan da aka auro daga wasu garuruwa. Idan nasu haƙoran lafiya lau, na 'ya'yansu kuwa da tabo, ruwan garin ne abin zargi. Ya kuma tambayi Dagaci shekarar da aka haƙa rijiyar. Idan yayyen da suka girma kafin a haƙa ta ba su da tabo, ƙannensu suna da shi, to, an kusa gane wadda ta yi ɓarnar.

Sai malami ya rubuta sunan ƙauyen, da yawan yaran da ya gani da shekarunsu, da rijiyoyin da a ke sha, Hakimi ya sa hannu, a aika wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma da hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha, a roƙi a zo a auna. Kada a yi gaggawar rufe rijiya kafin awo, domin mutane za su koma kududdufi, amai da gudawa kuwa ya fi tabon haƙori saurin kisa. Idan awo ya tabbatar, a bar wannan rijiya ga wanka da wanki, ruwan sha da na girki, musamman na yara ƙanana, a ɗebo shi daga wadda aka auna aka ga lafiyarta, ko a tari na sama cikin mazubi mai tsabta. Idan ma'aikata suka ce a aiko musu da ruwan, a zuba shi cikin gorar roba mai tsabta wadda aka ɗauraye da ruwan rijiyar kanta, kowace rijiya da gorarta, a rubuta sunan rijiyar da ranar ɗiba a jikinta.